Minti Huɗun Da Ba A Goge Ba

Ku da kuke turo min saƙo kuna tambayar ko ni ce yarinyar da ke magana a muryar nan da ake yaɗawa, ku huta, ni ce. Ba haɗi aka yi ba, ba kuma wata mai irin muryata ba ce. Ni na faɗa da bakina, ina zaune a ofishin lauya, jakata a kan cinya. Wanda ya zo zagi ya makara, an riga shi. Wanda kuma zai iya haƙurin karantawa ya gyara zama, domin ku minti huɗu kuka ji, ni kuwa sai da na yi shekara uku kafin in kai ga minti huɗun nan.

A gida Auta ake ce min, a waje kuma Tela. A falonmu nake ɗinki, kekena yana jikin taga inda zan riƙa hango ƙofar gida. Ba don shan iska na ajiye shi a nan ba, don Baba ne. Baba mai gyaran agogo ne, shekara arba'in yana yi. Mutum ne da in kun yi alkawarin ƙarfe biyu ka zo biyu da minti uku, ba zai yi maka faɗa ba, sai dai ya kama hannunka ya duba agogonka ya ce, “Kawo a gyara maka.” Bayan rasuwar Mama da 'yan watanni muka fara tsintar makullin gida a cikin firji. Muka yi ta dariya, har shi. Daga nan ya fara tambayata ina Mama ta shiga har yanzu ba ta dawo ba. Ran farko na gaya masa gaskiya, ya yi kuka kamar a ranar aka yi rasuwar. Tun daga lokacin in ya tambaya sai in ce ta je unguwa, ya ce to, ya ci gaba da juya 'yan sukurorinsa a kan teburi.

Mu biyu ne a wajensa, ni da Yaya. Yaya yana aiki a wani gari mai nisa, duk ƙarshen mako yake kira. Abin da zai ba ku haushi, da Baba ya ji muryar Yaya sai ya warware tas, ya tambayi iyali, ya yi nasiha, ya sa albarka. Minti biyar ne, bai fi ba. Ana kashe waya zai juyo ya tambaye ni wane ne ya kira. In na gaya wa Yaya halin da ake ciki sai ya ce tsufa ne kawai, ni ce mai zuzuta abu tun ina ƙarama. Shi bai taɓa wanke zanin gado da asuba ba, bai taɓa bin titi da silifas wari da wari yana tambayar mutane ko sun ga wani dattijo da singileti ba. Ni na yi. Awa biyar muna nema, muka same shi a bakin tsohon shagonsa da ya koma wurin sayar da takalma, yana tsaye yana jiran a ba shi wuri ya buɗe.

Bayan wannan ne likita ya ce akwai gwaje-gwaje da magungunan da sai da sa hannu, Baba kuwa yau ya yarda gobe ya ce bai san zancen ba, kuma sunan Yaya ne a katinsa na asibiti. Likitan ya ce in nemi takardar kotu da za ta ba ni ikon yanke shawara a kan lafiyarsa. Na gaya wa Yaya, ya ce in dai yana raye ba mai kai ubansa gaban alƙali a ce ba shi da hankali. Na ce to. Ranar Talata na bar Baba da maƙwabciyarmu, na zura doguwar rigata ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na tafi ba wanda ya sani.

Ofishin a hawa na biyu yake, saman wani kantin magani. Ɗaki biyu ne da fanka mai ƙara, ga fayil-fayil har saman kabad. Lauyar mace ce, za ta kai sa'ar Mama, gilashinta a rataye da siririyar sarƙa. Barista kowa yake ce mata. Ta ce ita ba ta rubutu in mutum yana magana, tana son ta riƙa kallon fuskarsa. Sai ta ɗora wayarta a kan teburi ta danna ɗaukar murya, ta ce in an gama sakatariya za ta saurara ta buga a takarda. Na tambayi muryar fa? Ta ce da zarar an buga gogewa suke yi.

Minti arba'in da bakwai na yi ina zayyana mata Baba. Komai na faɗa, domin ta ce kotu ba ta aiki da kunya. Fitsarin kwance, fita ba wando, ranar da ya ɗauke ni a matsayin Mama ya riƙe hannuna yana faɗin abin da 'ya ba ta kamata ta ji daga bakin ubanta ba. Ko ɗigon hawaye ban yi ba, kamar awon riga nake karanta mata. Da na kai aya ta ce shi ke nan, mun gama. Ta rufe fayil, ta cire gilashi, ta zuba min ruwa a kofi. Sai ta dube ni ta ce, “To ke fa, 'yata? Ya kike?”

Jama'a, shekara uku ba wanda ya yi min wannan tambayar. Kowa ya mai jiki, ya Baba, Allah ya ba ki lada. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Na ce mata na gaji. Na ce akwai safiyar da nake tsayawa a ƙofar ɗakinsa ina kasa kunne, in na ji yana numfashi sai in ji raina bai yi daɗi ba, in ce da ma Allah ya ɗauke shi in huta. Na ce bayan na faɗa sai in tsani kaina yini guda. Ta zagayo ta dafa kafaɗata, ta kira cikakken sunana, ta ce ba ni kaɗai ba ce, duk mai jinya ya san wannan safiyar. Wayarta tana nan a kife a kan teburi. Ba ta kashe ba, ni ma ban tuna ba.

Bari in gaya muku wanda nake so, don shi ma ya shigo ciki. A wayata sunansa Mai Maɓalli, kuma gaskiya ne, maɓalli da zare da zif yake sayarwa a layin kayan ɗinki. Dogo ne, mai sanyin magana, in yana jin kunya sai ya hau jera ƙullin zare bisa kala ko da a jere suke. Wata shida yana sako min maɓalli guda na daban a cikin ledata, wanda ban saya ba, kafin ya iya buɗe baki. Ina da su a kwalbar man shafawa, talatin da ɗaya. Ya san Baba ba shi da lafiya. Yana zuwa da yamma ya zauna da shi, ya kawo matattun agogo daga kasuwa wai a gyara masa, Baba ya yi ta buɗe su yana jin daɗi. Mai Maɓalli ya ce min in mun yi aure, tare da Baba za mu zauna. Mahaifiyarsa, Umma, ta zo ta ganni sau biyu, har ta ba ni yadi na ɗinka mata ta yaba hannuna. Magana ta yi nisa, saura manya su zauna.

Wata biyar da zuwana ofishin, kotu ba ta ma sa mana rana ba, sai ga saƙo ina tsaka da kafa hannun riga: “Muna baƙin cikin sanar da ku cewa wasu ɓata-gari sun yi kutse cikin kwamfutocin ofishinmu, kuma mai yiwuwa bayananku suna cikin waɗanda aka kwashe. Muna ɗaukar matakan da suka dace.” Na karanta, na yi tsaki, na ajiye. A zatona katin shaida ne da lambar waya, wa zai ci riba da su? Muryata kuwa ai an goge.

Kwana tara a tsakani wata mai kawo min ɗinki ta turo min abu, ta rubuta a ƙasa: “Tela, wannan ba muryarki ba ce?” An yi masa take da manyan baƙi, wai a ji abin da 'yar zamani take fata ga ubanta. Na danna. Na ji kaina ina jan hanci, na ji fankar nan mai ƙara, na ji Barista tana kiran sunana da na Baba tiryan-tiryan. Allurar keke ta shiga yatsana ban ji ba, sai da na ga jini a kan farin yadin mutane. Wani ne ya tona cikin tulin abin da ɓarayin suka watsar, ya bar minti arba'in da bakwai, ya yanko huɗun ƙarshe. Kafin yamma ya shiga guruf ɗin unguwa, na dangi, na tsofaffin 'yan ajinmu. Washegari mata uku suka aiko a karɓar musu yadinsu ko almakashi bai taɓa ba.

Ba zagin ne ya hana ni sukuni ba. Abu ɗaya nake tsoro, kada Baba ya ji. Mantuwarsa ba kullum ba ce, akwai ranakun da yake wayar gari garau, ya san ni, ya san kwanan wata, ya ce in rage gishiri. Na ɗauke 'yar wayarsa na ɓoye a cikin akwatin zare, na ce masa ta lalace. Ya ce in kawo ya duba, na ce an kai wa masu ita. Duk wanda ya zo gaishe shi a bakin ƙofa nake tare shi in ce yana barci.

Na koma ofishin Barista. Tun daga matattakala mutane ne a tsaye, kowa ya kau da kai kada a haɗa ido, domin kowa da abin da ya kawo shi can a ɓoye. Wata tana kuka a cikin mayafi, wani dattijo yana ta buga sandarsa a ƙasa. Da layi ya zo kaina na shiga, na tarar ta rame, gilashin ma ba ta saka ba. Na tambaye ta abu guda, ba ta ce ana gogewa ba? Ta ce sakatariya takan kwafe muryoyin a kwamfuta don ta ji daɗin bugawa, sai a goge na waya a bar na can, kuma shekara shida ba wanda ya taɓa dubawa. Ta ce an hana ta yin dogon bayani, amma ta roƙe ni gafara. Na zo da zagi cike da bakina, na koma da shi. Ta cuce ni, wannan ba shakka, amma ita kaɗai ce ta taɓa tambayata ya nake, kuma har yau na kasa haɗa biyun wuri guda.

Ranar Alhamis Yaya ya diro ba sanarwa, da 'yar jakarsa da fuska a murtuke. A kicin ya tsare ni, yana magana ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Ya kunna muryar a gabana har sau uku, kamar ban san abin da ke ciki ba. Ya ce na tozarta gidanmu, na kai ubanmu kasuwa, a wurin aikinsa ma an tura masa. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi ko ya san lambar kunzugun da Baba yake sakawa. Bai sani ba. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: ƙara za mu shigar, kuma zan tsaya in ce muryar ƙirƙira ce, yanzu ai ana yi da na'ura.

Likitan Baba ne ya haɗa mu da wani lauya, dattijo mai furfura har a gira. Muna zama ya ɗauki wayarsa ya jefa a aljihun teburi ya rufe, ya ɗauko biro da littafi, ya ce shi ɗan dā ne. Yaya ya fara da zancen ƙirƙira, dattijon ya tare shi a nan. Ya ce ba zai tsayar da kowa a gaban alƙali ya yi rantsuwa a kan ƙarya ba, kuma ainihin muryar tana hannun ofishin can, rana guda za a ƙure mu.

Sannan ya juyo gare ni, ya ce ni ce mai haƙƙi, ba Yaya ba, ni zai yi wa bayani. Ya ce asirin da mutum ya ba lauyansa amana ce, kuma wanda ya yi alkawarin gogewa bai goge ba yana da abin amsawa. Abu na farko, zai rubuta musu su faɗa a rubuce me aka kwashe nawa, yaushe suka sani, me ya sa suka yi jinkiri, su kuma miƙo fayil ɗina gaba ɗaya har da cikakkiyar muryar, in ina so in mai da shari'ar Baba hannun wani. Ya ce akwai masu ladabtar da lauyoyi, ina iya kai ƙorafi can ba sai na shiga kotu ba, haka ma hukumar da ke kula da bayanan jama'a. In kuma ƙara nake so a kan sakaci, ina iya yi ni kaɗai, ko in haɗu da mutanen nan na kan matattakala mu yi murya ɗaya, sai dai kada in yi ta jan ƙafa domin irin wannan yana da wa'adi. Ya ce kada in goge komai, duk saƙon zagi da duk wadda ta janye ɗinkinta in adana, shaida ce. Masu yaɗawa kuma ana iya kai rahotonsu, a nemi umarnin kotu a sauke abin daga inda hannu zai kai. Ya gargaɗe ni kada in sa hannu a kowace takarda da ofishin can zai turo da sunan sulhu sai ya gani.

Yaya sai gyaɗa kai yake, har ya fara tambayar zancen diyya. Ni kuwa ina kallon biron dattijon. Na ce, “Ranka ya daɗe, a cikin duk waɗannan wanne ne zai hana Baba ji?”

Ya ajiye biron. “Babu, 'yata. Da akwai da shi na fara gaya miki.”

Ya ƙara da cewa in aka je kotu dole a saurari muryar, zai roƙa a yi a rufe amma ba zai yi min alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Ya ba ni takardar izinin shigar da ƙara ya ce in je in yi tunani, kada wani ya riƙe min hannu. Na naɗe ta na saka a jaka. Wasiƙar neman fayil kaɗai na yarda a aika, kuma kwana huɗu sai ga shi, ambulan mai kauri da ɗan filashi a ciki mai ɗauke da cikakkiyar muryar, minti hamsin da ɗaya cif.

Duk waɗannan kwanakin Mai Maɓalli bai zo ba. Saƙonsa dai yana shigowa, gajeru ba kamar dā ba. “Kin ci abinci?” “Ya Baba?” Ranar Lahadi da yamma na hango shi ta taga, yana tsaye da leda a hannu, rigarsa shuɗiya wadda ni na gyara wa wuya. Na fita. Ya miƙo min zif ɗin da na yi oda tun kafin abin ya faru. Yana kallon takalminsa ya ce Umma ta ji.

“Na sani,” na ce.

“Ta ce wadda ta yi wa ubanta wannan fatan, in ita ta kwanta ciwo me za ki yi mata.”

“Kai fa me ka ce?”

“Na ce ban san amsa ba, amma na san wadda take yanke wa Baba farce.” Ya ɗago. “Tela, da gaske kin faɗa?”

“Na faɗa.”

Na so ya yi faɗa, ko ya juya ya tafi, da ya fi min sauƙi. Sai ya ce ya ji an ce abin da ake yaɗawa guntu ne, akwai mai tsawo. In na bari Umma ta saurari duka, ta ji abin da nake yi wa Baba dare da rana, shi ya tabbata za ta sauko, domin ita ma ta yi jinyar uwarta. Ya ce ita kaɗai, a ɗaki, ba mai ji.

Wallahi gaskiya ya faɗa. Minti arba'in da bakwai ɗin nan za su wanke ni tas a wajen kowace uwa. Amma me ke ciki? Baba ne ba wando. Baba ne yana kuka a kan jiƙaƙƙen gado yana roƙona kada in gaya wa kowa. Mutumin da har yau in Umma ta shigo sai ya lalubi hularsa ya gyara zama. A minti huɗu ni kaɗai aka tuɓe, in na ba da sauran shi zan tuɓe da hannuna don in samu miji. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce in yi tunani, don Allah, kada in kashe mu a kan abin da Baba ba zai ma tuna ba. Wannan maganar ta yi min ciwo fiye da duk zagin guruf, domin ni ma na taɓa raya ta a zuciyata. Na shiga gida na zazzage ledar a kan keke. Zif goma sha biyu ne, sai maɓalli guda, fari, mai huda huɗu.

Yau Laraba. Da rana na fita karɓo maganin Baba, na bar shi da Yaya, na jaddada masa kada ya bar shi shi kaɗai. A hanyar dawowa saƙo ya shigo daga Mai Maɓalli: “Na shawo kan Umma. Za mu zo bayan la'asar. Ta ce da kunnenta take so ta ji sauran, in ba haka ba a bar maganar. Don Allah, Tela.” Na karanta sau uku a tsaye a bakin titi. Takardar izinin dattijon lauya tana cikin jakata ba sa hannu, filashin yana cikin kwalbar maɓallai.

Ina tura ƙofar falo na ji fanka mai ƙara, alhali tamu a kashe take.

Yaya yana banɗaki, ina jin zubar ruwa. Wayarsa ya bari a caji a kan teburin Baba, a buɗe, a kan abin da ya kwana yana saurare. Baba kuwa duk abin da aka ajiye a teburinsa a ganinsa gyara aka kawo. Yana zaune da farar rigarsa da na goge da safe, gilashin aikinsa a goshi, ya kara wayar a kunne kamar yadda yake sauraron bugun agogo. Muryata tana cewa na gaji. Ledar magani ta suɓuce daga hannuna. Na so in fizge wayar, amma ban fizge ba. Na tsaya na ji kaina na faɗi kalmar nan, a gabansa, har ƙarshe.

Muryar ta ƙare. Ya sauke wayar a hankali, ya goge fuskarta da gefen hannun riga, ya ajiye ta daidai tsakanin sukudireba biyu. Ya ɗago ya dube ni, kallon da ban iya karantawa ba, ko na yau ne ko na ranakun da yake tambayata 'yar gidan wa ce.

“Kin ji yarinyar nan?” ya ce.

Na ce na ji, Baba.

“Ta gaji. Ba mai taya ta ne?”

Ya girgiza kai, ya ce mutane ba su da tausayi, a bar yarinya ƙarama da tsoho ita kaɗai. Na fara sauke numfashi, na ce a raina bai gane ba, Allah na gode maka, bai gane ba. Na durƙusa ina tattara ƙwayoyin da suka watse a ƙasa don kada ya ga fuskata.

Sai na ji hannunsa a kaina, a kan mayafi.

“In kin ganta ki ce ta yi haƙuri. Tsohon ba da gangan yake yi ba. Shi ma yana roƙon abin da take roƙo, kullum.” Yatsunsa suka gyara min bakin mayafin kamar yadda yake yi in zan tafi makaranta. “Kin ji ko, Auta?”

Wata takwas rabon da ya kira ni da wannan sunan.

Ina nan a durƙushe, ƙwayar magani a tafin hannuna, aka ƙwanƙwasa ƙofar gida, na ji sallamar Umma. Baba ya janye hannunsa, ya fara lalube a kan teburi.

“Baƙi muka yi,” ya ce. “Miƙo min hulata.”